Shekarar da ke jikin dutse da shekarar da dattawa ke faɗa

Ka tambaya wace shekara za ku rubuta a tarihin cocinku na Katolika da ke cikin Kaduna, tunda wadda aka sassaƙa a dutsen harsashi ta saɓa da wadda dattawa ke faɗa. Ku rubuta duka biyun, domin dutsen yana nuna lokacin da aka fara ginin da kuke sujada a ciki yanzu, dattawa kuwa galibi suna ƙirgawa ne tun daga rumfar ciyawa ko ɗakin ƙasa inda katikis, wato mai koyar da addini, ya fara tara jama'a, kafin a turo Fada, wato limamin coci, ya zauna. Littafin baftisma na farko shi zai raba gardama, idan kuma ba ya wurinku, ku neme shi a babban cocin da kuke ƙarƙashinsa a da.

Ginin kansa ma shaida ne, in dai gyara bai shafe alamunsa ba. A wani tsohon coci na ga gurbin bagade manne da bango, ga sabon bagade a gaba inda Fada ke fuskantar jama'a, kuma wannan sauyi ya biyo bayan Babban Taron Fadar Paparoma na Biyu ne, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. Kaduna ta zama dayosis, wato yankin da Bishop ke jagoranta, a 1953, ta samu Akbishop a 1959, saboda haka takardar da ta girmi 1953 ba za ta ambaci dayosis ɗin Kaduna ba, kada wannan ya sa ku jefar da ita.