Sandunan sabis a cike amma kira na yankewa a jirgin ƙasa

Tambaya: Salam Malam, ina yawan hawa jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, sai ina cikin waya kira ya yanke ko data ta tsaya cak, alhali sandunan sabis a cike suke. Wayata ce ta samu matsala ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, kar ka kai wa mai gyara ya ci kuɗinka a banza.

Dogayen ƙarafunan sabis ɗin nan da kake hangowa, kowanne akwai iyakar nisan da yake kaiwa da yawan mutanen da zai iya ɗauka, yawanci ma an raba shi gida 3, kowace eriya na kallon ɓangarenta. In kana tafiya wayarka tana ta auna ƙarfin na gaba tana kai rahoto, da an ga ya fi sai wanda kake kai ya miƙa ka gare shi, shi ne injiniyoyi ke cewa handoba. A ƙaramar mota ku biyar ne, ba a ma jin nauyinku. To jirgi fa? Ɗaruruwan mutane ne, wasu da waya bibbiyu, duk ku faɗo wa eriya ɗaya lokaci guda, kuma tsakanin tashar Rigasa ta Kaduna da tashar Idu ta Abuja yawanci daji ne da ƙauyuka, eriyar da aka kafa don mutanen ƙauye ce za ta karɓe ku gaba ɗaya, kafin ta gama shigar da kowa jirgin ma ya wuce an koma kan ta gaba. Wanda bai samu gurbi ba kiransa ya tafi kenan. Su sandunan nan ƙarfin siginal kawai suke nunawa, ba sa gaya maka ko akwai wuri.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne mutumin ƙauyen. Akan fifita wanda ke tsakiyar magana a kan mai son fara sabon kira, don haka yana zaune a gonarsa jirgi na wucewa sai kiransa ya ƙi shiga, bai san ku ne kuka cinye masa wuri ba. A 3G ma waya kan riƙe eriya biyu a lokacin miƙawar, wato tana cin wuri nan da can.

Kira mai muhimmanci ka bari sai ka sauka, ko ka tura saƙon murya ta WhatsApp, shi in sabis ya ɗauke zai jira ya tafi da kansa. Bidiyo kuma ka sauke abinka tun a gida.