Me ya sa murya ke gutsurewa a kiran intanet alhali data na gudu?

Tambaya: Ina da shagon kayan waya a Agege, kuma yawancin cinikina ta kiran intanet nake yi, da mutanen Kano a WhatsApp, da masu kawo mini kaya daga Guangzhou a WeChat. Bidiyo ba ya tsayawa a shagon, amma da an shiga kira sai murya ta riƙa gutsurewa, wani lokaci kuma mu yi ta katse juna. Ko sayen data mai tsada zai magance wannan?

Amsa: Alhaji, da wuya ƙarin kuɗin data ya raba ka da wannan damuwa, domin kiran murya ba ya cin data mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne kowane ɓangare na maganarka ya isa a kan lokacinsa. Matsaloli biyu ka kwatanta, kuma kowace da sanadinta.

Wayarka tana yayyanka murya zuwa ƙananan fakiti, galibi kowanne na milisakan 20, wato fakiti 50 a cikin sakan ɗaya. Katse juna da kuke yi alamar jinkiri ce, wato tsawon lokacin da fakiti ke ɗauka kafin ya kai kunnen mai sauraro. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba, hira tana tafiya lafiya, amma idan ya haura 400 ta lalace. Wani kaso na jinkirin nan ba ya hannun kowa, saboda haske a cikin wayar fayiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022, Turai suka nufa. Saboda haka kiran ƙasar Sin yana da doguwar tafiya, kuma dole ya fi na Kano nauyi.

Gutsurewar murya kuwa daga rashin daidaiton isowar fakiti take, abin da injiniyoyi ke kira jita, kuma a ganina nan ne ainihin ciwonka yake. Ka ɗauki motocin tumatir da suka baro arewa a jere, kowace da tazara ɗaya, amma cunkoson hanya ya sa uku suka shigo kasuwar Mile 12 a tare, ta huɗu kuma sai da kasuwa ta watse. Manhajar kira tana tara fakitin da suka iso a wata ƙaramar ma'ajiya na ɗan lokaci kafin ta jera su ta sake su. Idan ma'ajiyar ta yi girma, murya za ta fita sumul amma jinkiri ya ƙaru. Idan ta yi ƙanƙanta, duk fakitin da ya makara zubar da shi ake yi kamar bai zo ba. A nan ne tsarin matse murya irin Opus, wanda aka tabbatar a 2012, yake ƙoƙarin cike gurbin da kintace, shi ya sa kake jin muryar abokinka ta koma kamar ta na'ura. Bidiyo ba ya nuna wannan lahani domin yana tara sakanni da dama a gaba, abin da hira ba za ta jure ba.

Ka fara bincike daga cikin shagonka. Idan yaran shago suna ɗora bidiyo a sitatus, ko wayoyi suna tura hotuna ma'ajiyar intanet, layin fita yana cika, fakitin muryarka kuma su tsaya a bayan manyan fayiloli a cikin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a shagon. Idan rautarka tana da SQM ko QoS, wato tsarin da ke hana manyan fayiloli tare wa murya hanya, ka sa mai gyara ya kunna shi, ya kuma ƙayyade saurin ya zama ƙasa kaɗan da ainihin abin da layin ke bayarwa, domin jerin jiran ya kasance a na'urar da kake iya sarrafawa. Ka mayar da wayar da kake kira da ita kan waifai na 5 GHz, tunda na 2.4 yana cushewa a wurin da shaguna suka yi yawa, ka kashe VPN, ka kuma rufe kyamara idan murya kaɗai ake buƙata.

Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne a buga umarnin ping, wanda ke nuna milisakan nawa fakiti ke ɗauka ya je ya dawo, a kwamfuta na minti ɗaya, sau ɗaya shagon yana shiru, sau ɗaya kowa yana kan layi. Idan lambobin suna kusa da juna a karon farko amma suka riƙa tsalle zuwa ɗaruruwa a na biyu, laifin na cikin gida ne. Idan ko da shiru suna tsalle, musamman da yamma, hasumiyar unguwar ce ta cika, sai ka gwada layin wani kamfani a daidai wannan lokaci. Akan kuma samu ranar da babu abin da za ka iya yi, kamar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. A irin wannan rana ka kira Kano ta layin waya na yau da kullum, Guangzhou kuma ka aika saƙon murya.