Gaisuwar mutanen Tailan da daulolin da suka haife ta

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka yi tambaya tun kafin ka tashi. Ka ce ka ga hotunan ministocin Tailan kwance a ƙasa gaban sarkinsu, ka kuma ji cewa gaisuwar kan hanya ma hawa-hawa gare ta, kana son sanin tushen abin kafin ka je karatu Bankok. To, a can gaisuwa mudu ce, da ita ake auna wa ke sama wa ke ƙasa, kuma ba ka gane ta sai ka san dauloli biyu.

Ta farko ita ce Sukotai, wadda ta ɓalle daga hannun daular Khmer ta Ankor, a ƙasar Kambodiya ta yau, wajen shekarar 1238. Sarakunanta na farko "pho khun" ake ce musu, wato uba mai mulki. Akwai wani dutse mai ɗauke da shekarar 1292 da ake jingina wa Sarki Ramkhamhaeng. A jikinsa an rubuta cewa cikin ruwa akwai kifi, cikin fadama akwai shinkafa, kuma an rataye ƙararrawa a ƙofar fada domin duk talakan da aka zalunta ya kaɗa, sarki ya fito ya ji kukansa. Wasu masana suna shakkar ko dutsen na zamanin ne, amma a kansa ake karantar da yaran makaranta, daga nan kuma suka sami kiran sarki uban ƙasa.

Kwanciyar da ka gani kuwa gadon daula ta biyu ne, Ayutaya. An kafa birnin a 1351 a kan tsibiri, inda koguna uku suka haɗu. A 1431 mayaƙansa suka ci Ankor, kuma fadar ta ɗauki tsarin sarautar Khmer da yawa, har da bokayen fada na addinin Hindu. Sarki ya tashi daga uba ya zama "chao chiwit", mai iko da rai. Talaka ba ya ɗaga ido ya dube shi, fadawa da rarrafe suke zuwa gabansa. Har yare na musamman aka keɓe wa fada, ana ce masa "rachasap", an ɗebo shi daga Khmer da Pali da Sanskrit. Kai idan ka ci abinci "kin" ka yi, limamin Buda "chan" ya yi, sarki kuwa "sawoei".

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tsarin "sakdina", wanda aka shimfiɗa a doka zamanin Sarki Trailok, tsakanin 1448 da 1488. Kowane mutum an ba shi lamba, ana ƙirga ta da "rai", ma'aunin gona mai murabba'in mita 1,600. Bawa 5 gare shi, talaka ɗa 25, manyan ministoci 10,000, mataimakin sarki 100,000. Ba lalle ne mutum ya mallaki gonar ba, darajarsa ce aka ƙiyasta. Iyakar da ta raba jama'a ita ce 400. Wanda ya kai ta ya shiga sahun masu sarauta, ba ya aikin dole, kuma yana iya tura wakili gaban alƙali. Wanda bai kai ba sai ya sami ubangidan da aka rubuta shi ƙarƙashinsa, ya yi wa gwamnati aikin wata shida a shekara, wata ɗaya a bakin aiki, wata ɗaya a gida. Tara ma da lambar ake yanke ta. Mutanen da suka yi sama da shekara 300 a haka dole su iya gane matsayin mutum kafin su buɗe baki.

Sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka ƙone Ayutaya a 1767. Wani janar mai suna Taksin ya sake haɗa ƙasar daga garin Tonburi, a 1782 kuma gidan sarautar Chakri ya kafa fadarsa a Bankok a kan tsohon tsarin. Sarki Chulalongkorn ya soke kwanciya gaban sarki a 1873, ya kammala kawar da bauta a 1905, sannan a 1932 aka ƙare mulkin sarki mai cikakken iko. Al'adar kwanciyar ta farfaɗo ne zamanin Sarki Bhumibol, lokacin da Sarit Thanarat ke firaminista.

Yanzu ga abin da za ka yi da hannunka. Gaisuwar sunanta "wai". Ka haɗa tafukanka biyu a gaban ƙirji, yatsu a miƙe, gwiwar hannu a jikinka, sannan ka sunkuyar da kai. Ga sa'arka, manyan yatsu su tsaya wajen haɓa. Ga iyaye da malamai da dattawa, su kai hanci. Tsakanin gira na limaman Buda ne da gumakansu, wannan ba naka ba ne. Ƙarami shi ke farawa, babba ya amsa da hannu a ƙirji kawai. Inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne fara gaida yaro ko mai kawo abinci da hannu a goshi, suna zaton ladabi ne. Sun juya mudun ke nan, wanda aka gaisar kunya yake ji. Murmushi da ɗan gyaɗa kai sun wadatar. Idan an tambaye ka shekarunka a haɗuwar farko kada ka ga baƙonsa, ana so a san ko "phi" za a kira ka, wato wa, ko "nong", ƙane.

Kai shi ne mafi daraja a jiki, ƙafa mafi ƙasƙanci. Kada ka shafa kan mutum, kada ka miƙa tafin ƙafa wajen kowa, kada ka tsallake wanda ke zaune. Idan za ka gifta ta gaban dattijo ka rage tsawo, wannan dai tun a gida ka san shi. Kuɗi ya faɗi kada ka taka shi don ka tsayar da shi, hoton sarki ne a jiki. Maganar gidan sarauta kuwa ka kame bakinka da yatsunka, a fili da Facebook duka. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan kowane laifi ɗaya, kuma ana kama baƙi da shi.

Na san abin da ke ranka game da sunkuyawa, kuma ka kyauta da ya dame ka. Ba a neman ɗalibi baƙo ya kwanta wa kowa. Musulmi sun daɗe a ƙasar, a kudu su ne mafi rinjaye a Pattani da Yala da Narathiwat, kuma tun zamanin Ayutaya akwai sarautar Chularajmontri, shugaban Musulmi, wadda aka fara ba wani Bafarishe, Shaihu Ahmad, tana nan har yau. Tsakaninsu sallama suke yi da musafaha. Juma'arka ta farko ka nemi limamin masallacin unguwarku, ka tambaye shi iyakar da suke tsayawa idan za su gaida malami ko maƙwabci mabiyin Buda.