Paradise Lost ba su sauya don kasuwa ba, gida suka koma

Ɗan'uwa, ka ce da faifan One Second da na Host ka san ƙungiyar mawaƙan Paradise Lost, kana son muryar Nick Holmes mai laushi da amon kibod, sai ka kunna faifansu Medusa ka ji gurnani da jita mai nauyi kamar ana jan dutsen niƙa. Tambayarka ita ce ko sun sauya salo ne don su farauto matasa masu son kiɗa mai ƙarfi. Na fi shekara 20 ina sauraronsu, kuma amsata a'a ce. Ta tsakiyar labarin ka shigo, shi ya sa ƙarshen ya ba ka mamaki.

A garin Halifax na arewacin Ingila aka kafa ƙungiyar a 1988, kuma da gurnanin nan suka fara. Faifansu na farko, Lost Paradise na 1990, kiɗa ne mai jan ƙafa, murya daga can ƙasan maƙogwaro. Na biyu, Gothic na 1991, a cikinsa muryar mace ta fito fili a kan wannan nauyi, har masu sharhi da dama ke danganta sunan salon gothic metal da shi. Sai suka riƙa sassautawa: Icon a 1993, Draconian Times a 1995, One Second a 1997, har zuwa Host a 1999 inda jita ta ja baya, na'ura ta hau gaba, ana ta kwatanta su da Depeche Mode, ƙungiyar Ingila mai kiɗan na'ura. Tsofaffin masoyansu da yawa sun yi fushi a lokacin. Wato abin da kake ɗauka asalinsu, shi ne mafi nisan tafiyar da suka yi daga gida.

Lokacin da nake karatu a Bradford, wanda ke maƙwabtaka da Halifax, nakan hau jirgin ƙasa in je can ranar Asabar. Gidajen dutse da hayaƙin tsofaffin masaƙu ya baƙanta, tuddai sun kewaye gari, ga yayyafi da ba ya ɗaukewa, ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba duhu ya riga ya rufa. Ina tsaye a tasha da iyafis a kunne, hannu ya ƙage don sanyi, ranar na gane daga inda sautin nan ya fito. Ban ƙara jinsa a matsayin hayaniya ba.

Komawar ma ba dare ɗaya aka yi ta ba. In Requiem na 2007 ya dawo da nauyin jita. A Faith Divides Us – Death Unites Us na 2009 suka ɗauki jita mai tsirkiya 7, wadda ƙarin tsirkiyarta ke sauko da sauti ƙasa fiye da jitar da aka saba mai 6. Amma abin da na fi ɗauka da muhimmanci ya faru ne a ƙarshen 2009, lokacin da mahaifin Greg Mackintosh, mai jitar da ke tsara musu kiɗa, ya rasu bayan fama da ciwon daji. Greg ya kafa wata ƙungiya daban, Vallenfyre, ya zuba baƙin cikinsa cikin A Fragile King na 2011, shi da kansa yake gurnanin. A 2014 kuma Nick ya shiga ƙungiyar Bloodbath ta ƙasar Suwidin, ya sake buɗe muryar da ya ajiye kusan shekara 20. Mutum biyu da ke jan ragamar ƙungiya sun koma kiɗan ƙuruciyarsu kowa ta ƙofarsa, to me kake tsammani in sun haɗu? The Plague Within ya fito a 2015, Medusa ya biyo baya a 2017.

Maganar kasuwa kuwa, mai neman kuɗi ba ya buɗe faifai da waƙa mai minti 8 da ke tafiya kamar masu ɗauke da makara, kamar yadda suka buɗe Medusa. Gidajen rediyo ba sa saka irin wannan.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma Medusa bai shige ni a saurare na farko ba. Na ajiye shi kusan shekara guda. Da na yi rashin yayana, dare ya riƙa yi mini tsawo, na sake kunna shi a hankali, sai na ji abin da na tsallake: a ƙarƙashin gurnanin, jitar Greg na rera irin kukan da take yi tun Draconian Times, siririya, tana hawa tana sauka. Wannan zaren bai taɓa tsinkewa ba, ko a Host yana nan, kibod ne kawai ya karɓe shi.

Shawarata, kada ka faɗa Medusa kai tsaye. Fara da Draconian Times, ka bi da Tragic Idol na 2012, sannan Obsidian na 2020 inda suka haɗa murya mai laushi da gurnani wuri guda. Ka bar kunnenka a kan jita, kada ka kafa shi a kan murya. In kuma har yanzu zuciyarka na wajen sautin 1999, Nick da Greg sun kafa wata ƙungiya da suka raɗa wa suna Host, sun fitar da faifai mai suna IX a 2023, kuma irin kiɗan da kake nema ne a ciki.