Tsohuwar Dell ta ƙi ganin filashi

Malam, ka ce kwamfutar Dell Precision T3500 da ka sayo a Computer Village, Ikeja, ba ta ganin filashin Windows ɗinka. Kada ka yi gaggawar mayar da ita, da wuya laifin injin ne. Tsohon BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) gare ta, ba ruwanta da UEFI, sabon tsarin da ya maye gurbinsa. Sake shirya filashin da manhajar Rufus, ka zaɓi MBR (tsarin da tsohon BIOS ke karantawa) maimakon GPT (na UEFI), ka soka shi a ramin USB na baya, ka danna F12 da zarar ka kunna ta don ka zaɓi filashin.

In agogonta na komawa baya, canza batirin CR2032 da ke kan allon ciki. Windows 11 kuwa ƙyale shi, TPM 2.0 (wata na'urar tsaro a allon ciki) yake nema, ita kuwa ba ta da shi. Kuma don Allah haɗa ta da UPS (na'urar ajiye wuta), kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.