Amsa ga Malamar da hoton tuwonta yake fitowa da duhu

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kina sha'awar ɗaukar hoton abincin da kike girkawa, amma duk sanda kika ɗauki tuwo da miya da wayarki sai tuwon ya fito toka-toka, miyar kuma ta yi baƙi ƙirin, kina tambaya ko sayen kyamara ne zai raba ki da wannan damuwa. Ni ma'aikaci ne a nan Kaduna, hoto kuwa sha'awa ce da na daɗe ina yi a ranakun hutu, kuma mafi yawan abin da nake ɗauka abinci ne. Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki tukuna, domin abin da kika bayyana matsalar haske ce, kuma ko kyamara mai tsada aka ba ki, irin wannan hoton za ta fitar muddin a ƙarƙashin ƙwan lantarkin kicin kike ɗauka.

Bari in fara da tuwon, don akwai dalilin da ya sa yake yin toka-toka. Na'urar auna haske da ke cikin waya da kyamara an tsara ta ne a kan cewa abin da ke gabanta matsakaici ne tsakanin fari da baƙi, wato abin da yake mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan farar malmalar tuwon shinkafa a kan farin faranti ta cika hoton, sai na'urar ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, tuwon ya dushe, miyar kuka kuwa, wadda da ma duhu gare ta, ta nutse gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne ki taɓa tuwon a fuskar wayar, sannan ki ɗan ja alamar haske sama har ya yi fari, amma ki tsaya kafin sawun mara da ke jikin malmalar ya ɓace, domin wannan sawun ne yake nuna wa mai kallo cewa hannu ne ya kwashe tuwon. Idan kika sauya farin farantin da akushi ko wani kwano mai duhu, rabin matsalar ta tafi tun kafin ki taɓa komai.

Sai kuma inda hasken yake fitowa, wanda a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin. Ki kashe filasha, domin haskenta yana dukan manja da man gyaɗa kai tsaye ya bar fararen ɗigo a kan miya. Ki kashe ƙwan ɗaki ma, saboda ƙwai mai ruwan ɗorawa haskensa yana wajen 2,700 ne a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, na rana kuwa wajen 5,500, kuma idan suka haɗu a hoto ɗaya sai gefe guda ya yi ja ɗaya gefen ya yi shuɗi, waya ta rasa wanda za ta gyara. Ki kai kwanon kusa da taga ko bakin ƙofa yadda hasken zai zo daga gefe ko daga ɗan baya, ki jingina farin kwali a ɗaya ɓangaren don ya mayar da haske cikin inuwar. Da haka ne yauƙin miyar kuɓewa yake fitowa, haka kuma tururi, wanda ba ya bayyana sai haske ya ratso shi daga baya alhali abin da ke bayansa mai duhu ne. Mu a Kaduna rana tana tsayawa kusan tsakar ka da azahar, inuwarta kaifi gare ta, shi ya sa na fi son hantsi ko bayan la'asar. Ranar da hadari ya rufe sama da damina ita ce ta fi kowace daɗin aiki. Hazon hunturu ma yana tausasa haske, sai dai yana ɗan disashe launi, kuma ƙurarsa tana kwanciya a gilashin kyamarar waya, don haka ki riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi kafin kowane ɗauka.

Game da tsayuwar mai ɗauka, masa da kilishi da tiren buɗa-baki daga sama suka fi kyau, tuwo daga inda idon mai zaune a gabansa yake, zoɓo da kunun aya a kofin gilashi kuwa daga gefe. Kada ki kusanto da waya sosai, domin gilashinta mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa. Ki ja baya kaɗan ki danna 2x, wato alamar da take kusanto da hoto ninki biyu, idan wayarki tana da shi.

Tun da kin tambayi abin da yake ƙarfafa mana gwiwa, ni aikin marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ne ya karkato da ni. Tun daga 1968 ya duƙufa ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu, abin da kowa yake gani kullum bai ɗauke shi a bakin komai ba. Abincinmu ma yana buƙatar wanda zai yi masa wannan hidimar: faten acca na kudancin jihar nan, dambu, ɗanwake, sinasir, alkaki, fura da nono a ƙwarya da ludayinta. Abin da ba na so, kuma ina yawan ganinsa a Instagram, shi ne a ɗora malmalar tuwo a gefen wuƙa da cokali mai yatsu a barbaɗa furanni, don kawai haka ake yi wa abincin Turai. Faifai da tabarma da ƙwaryar da za ki samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kuɗi kaɗan sun fi dacewa da launin miyarmu. Idan kuma sha'awar ta fitar da ke waje, wurin mai tsire ko mai fura, ki fara sayen kayansu, ki nemi izini, kuma kada ki sa fuskar wanda bai yarda ba.

Wajen gyara, Snapseed, wato manhajar gyaran hoto ta waya, ya wadatar, amma a yi shi da sauƙi, domin dafadukar da aka ƙara wa ja fiye da kima kowace mace mai girki za ta gane. Ki kuma shirya wurin da kwanon wofi tun abinci yana kan wuta, saboda masa tana saɓulewa idan ta huce, ɗanwake yana bushewa, mutanen gida kuma suna jira. Idan wata rana kika ga wayar ta fara takura ki, musamman a wurin da haske ya yi ƙaranci, to a lokacin ki nemi kyamara ko ta hannu ce, ki haɗa ta da gilashin kyamara mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, wato mai buɗewa sosai don haske ya shiga, wanda yana cikin mafi arha kuma ya isa aikin abinci.