Tiyatar fankiriyas: robot za mu biya wa Baba, ko a buɗe cikin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 63. Wata biyu ke nan idanunsa sun yi rawaya, jiki na ƙaiƙayi, fitsari kamar ruwan shayi. Mun yi ta jiƙe-jiƙen shawara kafin a yi masa sikana a Yawunde, aka ce ƙari ne a ɓangaren kai na fankiriyas, kuma zai ciru. Wani asibiti a Indiya ya ce da robot zai yi, wani a Tunisiya ya ce buɗe ciki zai yi. Na robot ya fi tsada nesa ba kusa ba, yayanmu kuma na cewa a sayar da gona a yi na zamani. Me likitocin fiɗa ke cewa? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. A cikin wasiƙarka akwai labari mai daɗi da ba na so ya wuce ka: an ce ƙarin zai ciru. Cikin mutum biyar da ake gano wa wannan ciwo, da ƙyar ake samun ɗaya da tiyata za ta yiwu a kansa.

Fankiriyas dai ba saifa ba ce, ba kuma matsarmama ba, ko da yake mutanenmu na yawan haɗa su. Wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, tana fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin mai daidaita sukari. Tana da kai, da jiki, da wutsiya. Bututun da ke sauko da ruwan matsarmama daga hanta ta cikin kan yake bi, shi ya sa ƙarin Baba ya toshe shi har shawara ta fito.

Inda a wutsiya ƙarin yake, da amsata gajera ce. A nan bakin likitoci ya kusan zama ɗaya a kan yin aikin ta ƙananan huji maimakon buɗe ciki, domin yankewa kawai ake yi a rufe, babu wani haɗi mai wuya. Wani gwaji da aka yi a Holan mai suna LEOPARD, kan mutum 108, ya nuna waɗanda aka yi wa ta ƙananan huji sun miƙe cikin kwana 4, waɗanda aka buɗe kuwa kwana 6. A 2023 gwajin DIPLOMA, kan masu ciwon daji 258, ya nuna aikin huji bai gaza na buɗewa wajen cire ƙarin tsaf ba.

Kan fankiriyas kuwa wani dawa ne daban. Aikinsa shi ake kira Whipple, sunan likitan Amurka Allen Whipple da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da ƙarshen bututunta, wani lokaci har da guntun tumbi, sannan a zauna a sake haɗa wurare uku. Aiki ne na awa biyar zuwa takwas. Daga cikin haɗin nan uku akwai wanda ke hana mu barci, wato inda ake ɗinka ragowar fankiriyas da hanji. Bututun cikinta a wasu mutane bai wuce milimita 2 ko 3 ba, kaurin tsinken ashana, naman kuma wani lokaci laushinsa kamar man shanu, ka ja zare kaɗan ya yage. Idan ɗinkin ya yi yoyo, ruwan da Allah ya yi don narkar da nama shi ke malala cikin ciki, yana iya cin jijiya jini ya ɓalle bayan mako ɗaya ko biyu. Ko a manyan asibitocin duniya, mutum ɗaya ko biyu cikin goma na samun yoyon da ke buƙatar magani. Saboda haka ne za ka ga mun tsugunna da asuba muna ɗaga jakar robar da ke gefen gado muna duban launin ruwan kafin ma mu gaisa da majiyyaci sosai.

A kan wannan haɗi ne likitoci suka rabu. Michel Gagner da Alfons Pomp sun ba da rahoton Whipple na farko ta huji, wato lafaroskofi, a 1994. Kayan aikinsa dogayen sanduna ne miƙaƙƙu marasa wuyan hannu, ɗinki da su a kan bututu siriri sai gwani na gaske. Gwajin PLOT na Coimbatore a Indiya ya nuna kwanciyar asibiti ta ragu daga kwana 13 zuwa 7. Amma da asibitoci huɗu na Holan suka gwada a LEOPARD-2, dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa: mutum 5 cikin 50 na ɓangaren huji sun rasu, na buɗewa kuwa 1 cikin 49. Wannan sakamako da ya fito a 2019 ya sanyaya gwiwar likitoci da dama a Turai. Daga baya Sin ta yi nata gwajin kan mutum sama da 600, ba a ga ƙarin mace-mace ba, sai dai a can ba a yarda likita ya shiga ba sai ya riga ya yi irin aikin sau 104. Ribar da aka samu duk da wannan gwaninta kwana ɗaya ce, 15 maimakon 16.

Shi kuwa robot, sunansa ne ke ruɗin mutane. Ba ya yanke shawarar komai. Likita ne ke zaune a kusurwar ɗaki, ya tusa fuska cikin madubi, yatsunsa cikin zobba, ƙafarsa kan feda, duk motsin da ya yi hannuwan na'urar su kwaikwaya a cikin majiyyaci. Na'urar robot mai suna "da Vinci" ta samu izini a Amurka a 2000, kuma Pier Cristoforo Giulianotti na Italiya na cikin na farkon da suka yi Whipple da ita. Masu son ta na da hujja: tana ƙara girman hoto kusan sau goma, tana da wuyan hannu mai lanƙwasa, tana kashe rawar hannu, jini ma ba ya zuba da yawa. Masu ɗari-ɗari na cewa yawancin na'urorin ba sa ba likita jin taushi ko taurin nama a yatsa, aikin ya fi daɗewa, kuɗinsa ya fi yawa. A 2024 gwaje-gwaje biyu suka fito. Na Sin ya nuna an sallami na robot a kwana 11, na buɗewa 13 da rabi. Na Heidelberg a Jamus, EUROPA, bai ga bambanci a jimillar matsaloli ba, ya ma ga matsalolin da suka shafi fankiriyas kanta sun fi yawa a ɓangaren robot, ga tsada.

Ni abin da zan gaya wa ƙanena na jini shi ne kada a sayar da gona saboda robot. Ribarsa da aka tabbatar ita ce ƙaramin tabo da 'yan kwanaki da za a rage a gado. Abin da ya fi tasiri ga rai tun tuni aka san shi: wani babban bincike na Amurka a 2002 ya nuna a asibitocin da ba su cika yin aikin fankiriyas ba mutum 16 cikin 100 ke rasuwa, a waɗanda suka saba kuwa kusan 4. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara a Miami a 2019 ma sun ce kada asibiti ya riƙa yin Whipple ta huji ko robot sai yana yin aƙalla 20 a shekara. Idan na Indiya ya cika wannan kuma kuna da hali, babu laifi. Idan na Tunisiya ya fi sabawa da aikin, buɗe ciki a hannun gwani ba koma baya ba ne.

To ku rubuta wa asibitocin biyu, ku nemi amsa daga likitan da zai yi aikin da kansa, ban da dillalin da ke karɓar kamasho. Whipple nawa suka yi bara, nawa ne da hannunsa? Mutum nawa suka rasu cikin kwana 90? Idan jini ya ɓalle da tsakar dare, akwai mai toshe jijiya ta hanyar hoto a cikin asibitin, ko sai an nemo shi? Farashin ya haɗa da ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman? Wannan ta ƙarshen na sha ganin ta durƙusar da iyali a ƙasar mutane, kuɗi ya ƙare majiyyaci na kwance.

Ku kuma bar wani abu a aljihu, domin tiyata rabin tafiya ce. Idan gwajin nama ya tabbatar ciwon daji ne, akwai kimiyoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na kusan wata shida da ake so a fara kafin mako 12 su wuce, kuma shi ne aka tabbatar yana ƙara tsawon rai. Wataƙila Baba zai riƙa haɗiyar ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon a kowane ci, wataƙila ma da insulin, ku tambaya tun yanzu inda za ku riƙa samun su daga Garwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka wata biyun nan ne. Ciwon nan ba ya jiran a gama shawarar iyali. A dakatar da jiƙe-jiƙe, hantar ta riga ta wahala. Idan hoton sikanar ya haura wata ɗaya za a sake shi, kuma ku tafi da faifan kansa, takardar bayani kaɗai ba ta isa. Idan biza za ta ja lokaci, ku tambayi likitan Yawunde ko za a saka ɗan bututu a buɗe hanyar matsarmama kafin tafiya. Zazzaɓi da rawar sanyi a kan wannan shawara kuwa, ko da tsakar dare ne a kai shi asibiti.